Foldar fina-finan komawa baya a wani shagon tura fim na Sakkwato: zaɓe ya yi kyau, almakashi ya yi ɓarna

A cikin shagunan tura fina-finai da ke birnin Sakkwato akwai wani a gefen Titin Emir Yahaya da ya ware folda guda ya raɗa mata suna "Tafiyar Zamani". Abin da ke ciki labarai ne na mutanen da ke barin zamaninsu su koma baya ko su tsallaka gaba: fim 14 da shiri mai dogon zango guda ɗaya, nauyinsu kusan giga 21, ana zuba su a memori mai giga 32. Mun karɓi foldar dungurungum, mun kalle ta a ƙaramar waya, da waya matsakaiciya, da kwamfuta. Wanda ya zaɓi fina-finan ya san abin da yake yi, kuma aikin turawa ba shi da laifi sosai. Ɓarnar tana cikin kwafin da aka fassara zuwa Hausa, inda aka sa almakashi a wuraren da bai kamata a taɓa ba.

Dalilin da ya sa wannan ya dame mu shi ne, fim ɗin komawa baya ba kamar fim ɗin faɗa ba ne, wanda ko ka shigo a tsakiya za ka gane wane ne jarumi wane ne bos. Kowane ɗaya yana tsaye ne a kan ƙa'ida guda, wato amsar tambayar nan: in mutum ya koma baya ya taɓa wani abu, me zai faru da yau? Ita kuwa ƙa'idar sau ɗaya ake faɗinta, galibi cikin hirar da ba ta kai minti biyu ba. In aka yanke wannan hirar, ko mai fassara ya cika ta da barkwanci, sauran awa biyun sun zama gudu da harbi marasa dalili.

A ɗauki misalin wani saurayi ɗan unguwar Mabera a Sakkwato da ya koma shekara 60 baya don ya hana ɗaurin auren kakansa. In an fasa auren, ba a haifi ubansa ba, shi ma ba a haife shi ba. To wa ya je ya hana auren? Marubuta sun daɗe suna warware wannan ƙulli ta hanyoyi daban-daban, kuma foldar ta kawo misalin kowace. Hanya ta farko ta ce abin da ya faru ya riga ya faru. Saurayin zai je, zai ɓoye goron ɗaurin aure, zai haɗa husuma tsakanin waliyyai, amma a ƙarshe a ɗaura, wataƙila ma shisshiginsa ne ya sa aka gaggauta. Masanin kimiyya ɗan Rasha Igor Novikov ya tsara irin wannan tunani a shekarun 1980, cewa ko da komawa baya za ta yiwu, abin da kawai zai iya faruwa shi ne wanda bai ci karo da tarihi ba. A kan wannan The Terminator na 1984 yake: an turo soja daga 2029 ya kare matar da za ta haifi jagoran 'yan Adam, ashe shi ne zai zama uban jagoran. 12 Monkeys na 1995 ma haka, kuma ya fi shi ɗaci.

Hanya ta biyu ta ce tarihi kamar allo ne, ana wanke shi a sake rubutu. Back to the Future na 1985 ke nan, inda yaro ya koma 1955 ya shiga tsakanin iyayensa kafin su san juna, sai hoton da ke aljihunsa ya fara gogewa, 'yan'uwansa na ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Ta uku kuma ta ce ba a wanke komai, reshe ne ke tsirowa: saurayin Mabera zai hana auren, amma a wata duniya dabam, tasa ta asali tana nan yadda ya bar ta. Wannan ya samo tushe daga ra'ayin da Hugh Everett ya kawo a 1957, kuma shi Avengers: Endgame na 2019 ya bi. Sai wani nau'i da ke zaman kansa, na rana guda da ke ta maimaituwa, mutum ɗaya kaɗai ke tuna abin da ya wuce.

Abin yabo na farko ga shagon shi ne yaron da ke kan kwamfuta ya san wannan bambanci. Da ka ce kana son foldar, tambayarsa ita ce, "Wane iri kaka so, Malam, wanda ake iya canzawa ko wanda ba a iyawa?" Ba kasafai ake samun mai tura fim da ya kalli hajarsa har haka ba. Ya kuma jera su yadda mai farawa zai bi daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ya ajiye Primer na 2004 a can ƙarshe, wanda shi ne daidai.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. A kwafin Hausa na Back to the Future kashi na biyu, wanda asalinsa ya fito a 1989, akwai wurin da tsohon masanin da ya ƙera motar tafiyar zamani ya ɗauki alli ya zana layi a allo, ya nuna yadda tarihi ya karkace tun daga 1955 bayan an kai wa wani mutum littafin sakamakon wasanni na shekaru masu zuwa. Wannan zanen shi ne mabuɗin fim ɗin, domin shi ke bayyana abin da ya sa ba za a gyara ɓarnar ta hanyar zuwa gaba ba, sai an koma inda layin ya rabu. A kwafin shagon an bar hoton, amma muryar fassara tana can tana zolayar gashin tsohon. Wanda ya kalla zai yi dariya, sannan ya zauna yana mamakin me ya mayar da su 1955. A kashi na farko kuma an ce motar sai ta kai gudun kilomita 88, alhali mil 88 ne a awa, kusan kilomita 142. Ƙaramin kuskure ne a ido, amma shi ke sa mai kallo ya kasa gane wahalar da ake sha wajen kai motar wannan gudu a ɗan gajeren titi, daidai ƙarfe 10:04 na dare da tsawa za ta faɗa wa agogon gari.

Mafi muni shi ne abin da aka yi wa fina-finan rana mai maimaituwa. Maanaadu, fim ɗin Tamil na 2021, labarin wani matashi ne da duk sanda aka kashe shi sai ya farka a cikin jirgin sama, ranar ta sake farawa. Daɗinsa yana cikin maimaicin: kana ganin fage ɗaya sau da yawa, kowane karo da ɗan abin da ya sauya, domin jarumin ya koyi darasi daga mutuwar da ta gabata. Wanda ya rage tsawon kwafin ya ɗauka maimaicin kuskure ne ko cika lokaci, sai ya datse zagaye da dama. Sakamakon shi ne jarumin yana sanin abubuwan da ba mu ga inda ya koye su ba, kamar mai duba. Garin neman gira an rasa ido. A Edge of Tomorrow na 2014 kuma an bar zagayen, amma an wuce da sauri a kan gargaɗin da sojar mace ta yi, cewa in aka yi wa jarumin ƙarin jini baiwar maimaita ranar za ta gushe. Ba tare da wannan ba, babu mai gane abin da ya sa take harbe shi duk sanda ya ji rauni, kuma tashin hankalin da ya shiga da ya farka a gadon asibiti ba ya kama zuciyar mai kallo.

Sai dai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Fassarar 24, fim ɗin Tamil na jarumi Suriya na 2016, ta fita kunya. An bayyana dalla-dalla cewa agogon tafiyar zamanin da farko awa 24 kawai yake iya kaiwa gaba ko baya, kuma wanda ya koma baya yana komawa ne cikin jikinsa na wancan lokaci. Wannan ita ce ƙa'idar da komai ya rataya a kai: mugun da ya shekara 26 a sume ya farka a keken guragu yana son komawa lokacin da yake da ƙafafunsa, shi kuwa jarumin in ya koma can jariri zai zama. Mai fassarar ya yi amfani da arzikin da Hausa ke da shi. Muna da jiya da shekaranjiya, gobe da jibi da gata da citta, bara da bana da baɗi, kuma ya sa kowace a muhallinta maimakon ya riƙa cewa "baya" da "gaba" kawai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin "ya tafi gaba" a kunnen Bahaushe tafiya ce a kan hanya kafin ta zama ta zamani. In za ka ɗauki fim ɗaya tak mai fassara daga foldar, ɗauki wannan.

Akwai wata matsala da ba ta murya ba ce, ta ido ce. Irin waɗannan fina-finai suna rubuta shekara a ƙasan allo, ko su nuna ta a fuskar agogo, ko a kan jarida. Kwafi da yawa a foldar an manna musu tambari da lambar talla mai yawo daidai wannan wuri. A 12 Monkeys, inda aka yi kuskuren tura mutumin 1990 maimakon 1996, sanin shekarar da ake ciki shi ne rabin labarin. Haka nan kwafin da aka matse zuwa 360p, ƙananan rubutu sun narke ba sa karantuwa. Ga wannan nau'in fim kada ka yarda da ƙasa da 480p, in kuma memorinka na da wuri ka nemi 720p, wanda fim na awa biyu yakan ci tsakanin megabait 700 zuwa giga ɗaya da ɗoriya.

Shirin mai dogon zango shi ne Dark na Jamus, zango 3, kashi 26, wanda ya fito daga 2017 zuwa 2020. Yana yawo tsakanin 1953 da 1986 da 2019, tazarar shekara 33 kowace, kafin ya ƙara wasu zamunan. Mutum ɗaya kana ganinsa yaro, kana ganinsa magidanci, kana ganinsa tsoho, 'yan wasa daban-daban. Shi ne ya fi kowa zurfafawa a kan abin nan da ba shi da mafari. A kwatanta da baduku da ya ga wani zane a tsohon alabe, ya kwaikwaye shi, ya koma baya ya koya wa kakan kakansa, wanda shi ne ya yi alaben tun farko. To wa ya ƙirƙiri zanen? A nan shagon ya yi sakaci mai sauƙin gyara. An sa wa fayilolin zango na farko lamba 1, 2, 3 har 10, kuma wasu wayoyi suna jera su 1, 10, 2, 3. Wanda bai lura ba zai kalli ƙarshen zangon a zama na biyu, kuma da yake labarin dama a hargitse yake da gangan, ba zai ma san an yi kuskure ba. Gyaran shi ne a sauya sunayen zuwa 01, 02, 03 kafin a tura, aikin minti biyu. Ka ce a yi maka kana tsaye.

Dark ba shi da fassarar murya a foldar, rubutun Turanci ne a ƙasa, kuma a kashi biyu rubutun yana guduwa ya bar magana. Wannan iri biyu ne, kuma gyaransu ba ɗaya ba. In tazarar ba ta sauyawa daga farko har ƙarshe, manhajar kunna bidiyo ta VLC na gyara ta: a kwamfuta maɓallan G da H suna ja da rubutu baya ko gaba, J da K kuma na sauti ne, a waya ma akwai wurin saita jinkirin a cikin fileyar. In kuwa tazarar ƙaruwa take yi, to rubutun an yi shi ne don kwafi mai hoto 25 a daƙiƙa, fim ɗin kuma mai 23.976 ne. Bambancin ya kai kusan daƙiƙa biyu da rabi a kowane minti, wato minti biyu da rabi a awa. Wannan ba ya gyaruwa da jinkiri, sai an sauya fayil ɗin rubutun. Shagon ya sauya ba gardama.

Game da memorin kansa, mai giga 32 na gaskiya zai nuna kusan 29.8 a waya, wannan ba cuta ba ce, bambancin lissafi ne. Cutar ita ce memori na jabu, wanda aka saita ya yi ƙaryar girmansa. Zai karɓi fayil duka ya nuna sunayensu, amma duk abin da ya wuce ainihin cikinsa ba zai buɗu ba. Don haka kada ka gwada fim na farko ka tafi. Buɗe ukun ƙarshe da aka tura, ka ja kowane zuwa tsakiya da kusa da ƙarshe. Memori mai lamba 10 a cikin da'ira yana rubuta aƙalla megabait 10 a daƙiƙa, a wannan gudun giga 21 zai ci kusan minti 35. In aka ce maka an gama cikin minti biyar, duba da kyau. Memorin da muka karɓa a shagon na gaskiya ne, duka fayilolin sun buɗu. A sani kuma memori mai giga 32 yakan zo da tsarin FAT32, wanda ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce giga 4, shi ya sa babban kwafin Interstellar ya ƙi shiga sai da aka sauya shi da ƙarami. Fina-finai huɗu an matse su da tsarin matse bidiyo na x265, suna da kyau a waya matsakaiciya, amma a ƙaramar waya hoto na tsayawa sauti na tafiya, wayar kuma ta ɗau zafi, abin da ba a so a watan Afrilun Sakkwato da zafi ke haura digiri 40. Mai ƙaramar waya ya nemi x264. Farashi da yawan giga ake yinsa, yana kuma motsi da kuɗin man janareta, sai a yi ciniki kafin a fara turawa.

Gyara ɗaya muke roƙon shagon ya yi a bakinsa. Ana tallata foldar da cewa kimiyya ta tabbatar da tafiyar zamani. Rabin maganar ce gaskiya. Tun 1905 da 1915 Einstein ya nuna lokaci ba ya tafiya daidai ga kowa: gudu mai tsanani da nauyin jan babban abu suna rage saurinsa. A 1971 Hafele da Keating sun ɗora agogunan atom a jiragen fasinja suka zagaya duniya, suka dawo da bambancin da lissafi ya yi hasashe. Agogunan taurarin GPS suna wuce na ƙasa da kusan kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa kullum, kuma sai an gyara wannan taswirar wayarka ke nuna daidai. A kan wannan Interstellar na 2014 ya gina duniyar da awa ɗaya a cikinta shekara 7 ce a nan, da shawarar Kip Thorne wanda ya samu kyautar Nobel a 2017. Duk wannan tsallakawa gaba ne. Komawa baya kuwa a takarda ta tsaya: Kurt Gödel ya samo lissafin da ya ba da damarta a 1949, amma a irin duniyar da ba tamu ba, Stephen Hawking kuma a 1992 ya kawo hasashen cewa dokokin halitta da kansu za su hana ta. Babu wanda ya taɓa komawa ko da daƙiƙa guda.

Mai kallo Musulmi ba baƙo ba ne ga mutanen da suka farka a wani zamani, tunda mun san ƙissar Ashabul Kahfi da shekara 309 da suka yi a kogo. Amma wanke abin da ya wuce wani abu ne dabam, kuma hadisin da ke cikin Sahihu Muslim ya hana mutum cewa da na yi kaza da kaza ya faru. Iyaye su riƙe wannan in yara sun fara tambaya: tatsuniya ce ta zamani, a kalle ta a haka. Abin lura ma, mafi ƙarfin fina-finan foldar su ne waɗanda jarumi ya yi iya yinsa bai kauce wa abin da aka rubuta ba. Sannan shagon bai rubuta gargaɗin shekaru a kan komai ba, kuma ya kamata. Dark da The Terminator suna da fagagen da ba na kallo da iyali ba ne. Back to the Future na farko ma, duk da sauƙinsa, ya ƙunshi budurwar da ta kamu da son yaron da ba ta san ɗanta ba ne, abin da zai sa a sunkuyar da kai a tsakar gida. Kuma dole a faɗa, waɗannan kwafi ba da izinin masu su ake tura su ba. Dark na Netflix ne, mai halin data ya kalla a can, zai samu rubutun da ba ya gudu.

Marubutanmu na onlayin da ke sayen foldar don koyon dabara su za su fi kowa cin moriyarta, in sun kalla da biro a hannu. Kusan duk wanda ya yi tunanin irin wannan labari a garin nan, zuciyarsa na zuwa filin Giginya ranar 15 ga Maris 1903, ranar da sojojin Birtaniya suka ci Sakkwato a zamanin Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Kafin ka tura jaruminka can, yanke ƙa'idarka ka rubuta ta a shafin farko: zai je ya tarar ba ya iya sauya komai, ko zai sauya ya dawo ya tarar ba a haifi uwarsa ba, ko zai buɗe wani reshe ya rasa hanyar gida? Sannan ka sa wa na'urar iyaka. Primer, wanda aka yi da kusan dala 7,000, shi ne malami a nan: akwatin ba ya mayar da kai sai zuwa lokacin da aka kunna shi, kuma in awa shida za ka koma, awa shida za ka kwanta a ciki. Kwafinsa da ke foldar ba a yanke ko daƙiƙa ba, sautin ne kawai ya yi ƙasa, sai an sa abin kunne.